Dattawan da ke wasa da jirgin ƙasa, da yaranmu masu motar langa-langa



Yau mun ɗan ajiye maganar tsaro da farashin buhun tattasai. Maganar wasa muka kawo, wasan da tsofaffi masu furfura suke yi a wasu ƙasashe ba tare da kowa ya ce sun zare ba. Ku yi haƙuri ku bi mu har ƙarshe, don ƙarshen zancen a ƙofar gidajenmu zai tsaya.

A Turai da Amurka da Japan akwai mutanen da abin sha'awarsu shi ne gina ƙaramar hanyar jirgin ƙasa a cikin ɗaki. Mutum ya samu faffaɗan katako, ya shimfiɗa layin dogo ɗan siriri, ya ɗora kan jirgi mai ƙaramin inji, ya jona masa taragu. Sannan ya gina tasha, da gada, da duwatsu, da gidaje, da kasuwa, har da mutanen da ke jiran jirgi. Wutar lantarki ta cikin layin take bi, jirgin ya tashi, ya tsaya, ya canza hanya kamar na gaske. Kuma ba da ka ake yi ba, da awo ake yi. A awon da ya fi yaɗuwa, ana rage komai sau 87. Taragon da tsawonsa ya kai mita 20 sai ya koma santimita 23, kamar taƙi ɗaya ke nan. Mutum tsayayye ya koma santimita 2. Tsakanin ƙarafunan layin biyu milimita 16 da rabi ne, in aka kuskure kaɗan jirgi ya goce. Wanda ya shiga wannan harka dole ya taɓa kafinta, ya taɓa walda, ya san lantarki, ya iya fenti, ya iya lissafi, uwa uba ya zama mai haƙuri.

To su wa ke wannan wasa?

Akwai Rod Stewart, mawaƙin Birtaniya da aka haifa a Landan a 1945, wanda masarautar Ingila ta ba lambar girma a 2016. Shekara 23 ya kwashe yana gina wani ƙaramin birni a saman benen gidansa na Los Angeles, tsawonsa kusan mita 38, faɗinsa mita 7, da dogayen benaye da masana'antu da gadoji da jirage, kamar biranen Amurka na shekarun 1940. In ya tafi yawon waƙa wata ƙasa, sai ya kama ƙarin ɗaki a otel, a fitar da gadaje, ya baza kwalaye da gam da fenti yana gini kafin lokacin hawa dandamali. Da aka nuna hotunan a 2019 wani mai gabatar da shiri a rediyon BBC ya nuna shakkar cewa shi ya yi da hannunsa. Bawan Allah bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya bugo waya ana cikin shirin, ya ce kashi 90 cikin 100 aikin hannunsa ne. Ku duba fa: mutumin da ya sayar da miliyoyin faifai, abin da ya tayar masa da hankali shi ne a ce ba shi ya manna ƴan kwalayensa ba.

Akwai Neil Young, mawaƙi ɗan Kanada. Nasa labarin ya fi taɓa zuciya. Allah ya ba shi ɗa mai lalurar da ke hana gaɓɓai aiki tun haihuwa, yaron ba ya magana, ba ya iya riƙe abu. Uban ya rasa hanyar da za su yi wasa tare, sai ya zauna ya haɗa wani babban maɓalli da yaron zai iya dannawa ya tayar da jirgi ya tsayar. Daga nan ya zurfafa, ya haɗa kai da kamfanin Lionel mai ƙera irin waɗannan jirage, suka fito da na'urar sarrafa su daga nesa. A 1995 yana cikin waɗanda suka sayi kamfanin, kuma sunansa na kan takardun shaidar ƙirƙira na gwamnatin Amurka.

Akwai Walt Disney, mai finafinan zane da yaranmu ke kallo a waya. A 1950 ya shimfiɗa layi mai tsawon kusan mita 800 a bayan gidansa, da jirgin da aka rage sau 8, ana hawa a zauna a kai. Ya raɗa wa kan jirgin sunan matarsa. Shi da kansa ya riƙa shiga wurin maƙeran kamfaninsa yana koyon aikin ƙarfe don a gama shi. Bayan shekara biyar, a 1955, ya buɗe Disneyland, kuma jirgin ƙasa ne ya kewaye filin.

Attajirin nan Warren Buffett ma yana cikin masu son ƙananan jirage. A 2010 kamfaninsa ya kammala sayen BNSF, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin jirgin ƙasa na Amurka, har ya yi raha cewa duk abin ya faru ne don mahaifinsa bai saya masa jirgin wasa ba yana yaro. A Jamus, Horst Seehofer, wanda ya riƙe ministan cikin gida daga 2018 zuwa 2021, kowa ya san yana da nasa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. A birnin Hamburg kuma wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, sun mai da abin sana'a tun 2001. Layinsu ya haura kilomita 15 in aka miƙe shi, suna da ɗaruruwan ma'aikata, kuma fiye da mutum miliyan ɗaya ke biyan kuɗi su shiga kallo duk shekara.

Na ƙarshe da za mu ambata ba mutum ɗaya ba ne. A jami'ar fasaha ta MIT da ke Amurka, ɗalibai sun kafa ƙungiyar masu ƙaramin jirgin ƙasa a 1946. Wasu cikinsu ba su damu da fentin taragu ba, su kullum suna ƙarƙashin teburi suna haɗa wayoyi da tsofaffin kayan tarho don jirage su bi hanya ba tare da karo ba. Da kwamfuta ta iso jami'ar, waɗannan ƴan ƙarƙashin teburin na cikin na farko da suka iya juya ta.

Mun san abin da wani ke faɗa yanzu: to mu ina ruwanmu? Mu da ko jirgin gaske ba mu da shi?

Gaskiya ne. Yawancinmu a nan ba mu taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba sai a fim. Amma jirgi ya taɓa matsowa kusa da mu. Layin dogo ya isa Kano a 1911, ya isa Nguru a 1930, ya isa Maiduguri a 1964. Kakanninmu na Mangari sun kai kanwa da shanu da fatu Nguru, daga can jirgi ya kwasa zuwa kudu. Ta ɓangaren yamma, layin da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Parakou tun 1936, bai ƙaraso Nijar ba, duk da an kafa hukumar haɗin gwiwa ta jirgin ƙasa tsakanin ƙasashen biyu tun 1959. Sai a 2014 aka buɗe tasha a Yamai, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa wajen kilomita 140 zuwa Doso, aka yi biki a farkon 2016. Daga bikin nan shiru. Ba a haɗa Doso da Parakou ba, rikicin shari'a ya taso a Benin kan wanda ke da haƙƙin aikin, layi ya kwanta rana na dukansa. Yanzu ido ya koma kan layin Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284 da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Allah ya sa a ga ƙarshensa da alheri.

Abin dariya abin takaici, jiragen wasan waɗancan tsofaffi suna tafiya kullum, namu na gaske kuwa ya tsaya kamar kayan ado. Duk wanda ya taɓa haɗa ƙaramin layi a kan teburi ya san darasin farko: sai ka san inda hanya za ta ƙare kafin ka aza ƙarfen farko, kuma in akwai giɓi ko na yatsa ɗaya ne, jirgi ba ya wucewa. Ya san cewa ginawa rabin aiki ne, sauran rabin sharewa ne da sa mai da gyara. Ilimin nan ba a sayo shi a kwantena. A hannu yake shiga, kuma tun ana ƙanana.

A nan jahar Diffa ake haƙo man Agadem. Bututu ya kai shi matatar Damagaram tun 2011, wani bututun mai kusan kilomita 2,000 ya kai shi har bakin teku a Benin. Tattasanmu da bandar kifinmu kuwa har yau a bayan kamyo suke tafiya, kuma tsakanin Diffa da Yamai sama da kilomita 1,300 ne. Ranar da Allah ya kawo layin dogo gabas, wa zai riƙe shi? Wa zai gyara? Ko za mu sake tsayawa gefe muna kallo, a kawo masu aiki daga wata uwa duniya, mu a ba mu gadi da ɗaukar kaya?

Amsar tana cikin lungunanmu, tana jan gwangwani da igiya.

Ku tsaya ku kalli yaro ɗan shekara tara yana haɗa motar langa-langa. Zai tsinto gwangwanin madara ko na tumatir, ya fasa, ya buge shi da dutse har ya miƙe. Ya yanka tsohon silifa ya fitar da tayu huɗu masu girma ɗaya, ba kamfas ba komai, da murfin kwalba yake awo. Ya lanƙwasa waya ta zama gindin mota. Ya sa robar tayar keke ta zama abin da ke hana girgiza. Ya ja doguwar waya ta zama sitiyari, in ya murɗa daga sama tayun gaba su juya. Wanda bai samu gwangwani ba ya koma kan kara, ya ɓare bayan, ya soka a cikin ɓargon, ya tayar da motar kara har da ƙofa mai buɗewa. Masu wayo cikinsu har ƙaramin inji suke cirowa daga mataccen rediyo, su jona batir, su sa fitila. Ba wanda ya koya masa a aji. Ya ga abu, ya rage shi a kansa, ya fitar da shi da hannu. Aikin da Rod Stewart ke yi ke nan, bambancin kawai shi yana da kuɗin sayen gam mai kyau.

Kuma ku lura da abin da suke ƙerawa. Stewart ya tashi a gidan da ake hango layin dogo ta taga, shi ya sa ya tsufa yana gina jirage. Yaranmu a da kamyon tattasai suke yi, da kwale-kwalen masunta, da motar kasuwa mai lodi har sama. Tun daga harin 6 ga Fabrairun 2015, da na 3 ga Yunin 2016 da ya watsa Bosso, sai ga motocin soja da bindiga a baya, sai ga fararen motocin ƙungiyoyin agaji da tuta da doguwar eriya. Yaro abin da idonsa ya sha gani shi hannunsa ke fitarwa. Wanda ke son sanin abin da ke cikin zuciyar yaran da suka tashi a sansanin Sayam ko a bukkokin bakin kwalta, ya dubi abin da suke ja da igiya.

To sai me ke faruwa? Da yaro ya kai shekara sha biyu, sha uku, sai gari ya taso masa. "Kai, gandameme da kai kana wasan yara?" "Ka cika mana gida da bola!" Wani uban ya take motar da ƙafa. Wani yayan ya jefa ta bayan katanga. A lakwal in mushe ya gan ta a jaka, sai bulala. A hankali yaro ya gane cewa aikin hannu abin kunya ne, girma kuwa shi ne ka zauna ka harɗe. Bayan shekara biyar ga shi a fada daga safe har dare, ana dafa shayi, ana latsa waya, ana jiran abin da ba a san ranar zuwansa ba. Sai kuma a dawo ana cewa yaran yanzu ba su da zuciya. Ina zuciyar za ta fito, bayan an take ta tare da gwangwanin?

A wani wuri wannan asara ce kawai. A wurinmu haɗari ne. Mun ga abin da dokar ta-ɓaci ta 2015 ta zo da shi: an hana babur, an taƙaita kamun kifi da cinikin tattasai na tsawon lokaci, ƴan kabu-kabu da masu gyara da masu sayar da mai suka wayi gari ba abin yi. Kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa masu ɗaukar yara zuwa daji da alkawarin babur da kuɗi suka ja da yawa. Matashin da hannunsa ya saba da ƙera abu yana da abin da zai tashi dominsa da safe, yana da abin da zai nuna ya ce ni na yi. Ba mu ce wannan zai kawo ƙarshen fitina ba. Mun ce dai yana rage yawan hannuwan da ke zaune suna jiran mai saye.

Ko a Ingila an ga haka. A watan Mayun 2019 wasu samari suka fasa wata makaranta da dare, suka ragargaza ƙananan jiragen da wata ƙungiya ta garin Market Deeping ta jera don nuni, aikin shekaru da yawa ya tafi a dare ɗaya. Rod Stewart ya aika musu fam 10,000, sama da sefa miliyan 7 ke nan, jama'a ma suka tara nasu. Ƙasa ɗaya, gari ɗaya: ga masu ginawa, ga masu rushewa. Ko'ina a duniya yaro zai zama ɗaya daga cikin biyun nan, ya danganta da abin da aka sa masa a hannu.

Yanzu bari mu saurari masu ja, don suna da hujja.

Na farko zai ce: sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Waɗancan sun ƙoshi ne, shi ya sa suke wasa. Mu yaro na dawowa daga lakwal akwai ɗebo ruwa, akwai kiwo, akwai tsinkar tattasai, akwai talla. Wannan gaskiya ne, kuma ba mu ce a bar gona a koma wasa ba. Amma motar langa-langa ba ta cin ko dala. Kayanta a juji suke. Abin da take buƙata awa ɗaya ce bayan la'asar, da kusurwar zaure da ba za a share ta a zubar ba, da babba guda da zai tsaya ya ce "kai, wa ya yi wannan? Allah ya yi albarka." Talaucinmu bai kai na rasa waɗannan ba.

Na biyu zai ce: zai hana shi karatu. Mu kuwa muna ganin shi ne karatun. Yaron da ya rage kamyo mai mita 10 ya koma santimita 50 ya yi rabawa da 20, ko ya sani ko bai sani ba. Lissafin da yake kasa ganewa a allo da Faransanci, ga shi ya yi shi da hannu. Malami mai basira zai ɗauki motar ya aza kan teburi ya ce, to ku auna mu gani. Kuma ba mu ce ya bar allo ko ya makara sallah ba. Komai da lokacinsa.

Na uku zai ce: duk cikin yara dubu nawa ne za su zama injiniya? Kaɗan ne, mun yarda. Rod Stewart ma ai bai zama injiniya ba, mawaƙi ya tsufa. Abin da ya samu natsuwa ce, wurin da zai shiga ya rufe ƙofa hayaniyar duniya ta kwanta. Mu da yaranmu suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba, wasu har yau suna firgita cikin barci, natsuwar nan kaɗai ba ƙaramar riba ba ce. Sannan tsakanin injiniya da zaman banza akwai matakai da yawa, kuma duk muna neman su ido rufe. Je ka bakin Komadugu lokacin ban-ruwa ka ga yadda manomi ke rasa kwana uku don injin ban-ruwansa ya tsaya, mai gyara ɗaya ne a yankin, kowa na jiransa, tattasai na bushewa. Ga farantan hasken rana sun cika gari, masu iya haɗa su daidai ba su da yawa. Ga famfunan burtsatse da suka mutu saboda ƙaramin ƙarfe. Ga kekunan guragu da ake jira a kawo daga nesa, alhali bututu ne da walda. Duk waɗannan aikin tsohon mai motar langa-langa ne.

Kuma waɗanda suka yi nisa ai ba aljanu ba ne, namu ne. Jelani Aliyu ɗan Sakkwato tun yana yaro zanen motoci yake, ya ƙare a kamfanin General Motors na Amurka, shi ya fitar da siffar motar Chevrolet Volt, a 2017 aka ba shi shugabancin hukumar ƙera motoci ta Najeriya. A nan kusa da mu, Maiduguri, Mustapha Gajibo ya fara da cire injin mai daga ƙananan bas yana sa musu batir da farantin rana, har suka hau titi suna ɗaukar fasinja. A ƙasarmu Abdou Maman ya ƙirƙiro hanyar kunna ban-ruwa da wayar hannu daga nesa, ya ci babbar kyautar ruwa ta duniya ta Sarki Hassan na Biyu a 2015. Akwai kuma ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a 2007 da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarafa, ya ɗaga shi sama da ƙasa. Duniya ta yi ta labari, aka tafa, aka watse. Wannan na ƙarshen shi ya fi kama da halinmu: mu iya mamaki, mu kasa riƙewa.

Kada a ce maganar maza ce kaɗai. Yarinyar da ke gina ɗakin kara da gado da ƴan tukwanen laka, ta jera komai daidai girmansa, awon nan dai take yi. Ita ma a bar ta, in ta miƙa hannu ga filaya da waya kada a ce ba na mata ba ne.

To me za a yi? Ba mu kawo shawarar da sai an jira Yamai ko wata ƙungiyar waje ba.

Iyaye, ku daina zubarwa. In tarkacen ya dame ku, ku ba shi tsohon kwali ya riƙa tarawa. Ku kula masa da kaifin gwangwani da tsatsa, ku hana shi fasa tsohon batir, ku gargaɗe shi kada ya taɓa wani ƙarfen da bai san shi ba a daji ko a kufai, don mun san abin da yaƙi ya bari a ƙasarmu. In kun ga hannunsa na da kyau, ku kai shi wurin mai gareji ko mai walda na kirki lokacin babban hutu.

Masu gareji, maƙera, masu gyaran rediyo da waya, ku ne jami'ar da muke da ita a kusa. Guntun waya, mataccen inji, ƙaramin ƙusa da kuke sharewa, ku ajiye a gwangwani ku ba yaran unguwa. In yaro ya tsaya yana leƙe, kada a kore shi kamar ɓarawo. A tambaye shi me yake haɗawa.

Malaman lakwal da na cibiyoyin koyon sana'a, ku ware yini ɗaya a zango, kowane yaro ya zo da abin da ya ƙera, ya tsaya gaban aji ya faɗi tsawon na gasken da yadda ya rage shi.

Magadan gari da masu unguwanni da ƴan kasuwar tattasai da kifi, a sa gasa sau ɗaya a shekara a gidan matasa ko ƙofar fadar mai gari. Ba sai an kashe miliyoyi ba. Filaya, sukuddireba, ƙaramin farantin rana, jakar makaranta, sun isa kyauta. Sharaɗi uku kawai: abin ya motsa, a yi shi da awo, kuma mai shi ya iya bayani da bakinsa, da Kanuri ko Hausa ko Fulatanci ko yaren da ya fi masa sauƙi. Gidajen rediyonmu su kira sunayen waɗanda suka ci kamar yadda ake kiran na ƴan kokawa.

Kuma a ba su aikin da ya shafe mu. Maimakon motar yaƙi, a ce wa zai haɗa ƙaramin injin da ke ɗaga ruwa daga kwano zuwa kwano? Wa zai gina unguwarsu da laka, da kogin a gefe, a zuba ruwa a buta a ga ta inda ambaliya ke shigowa da inda ya kamata a yi jinga? Bayan abin da Komadugu ta yi mana a 2019 da 2022, wannan ya wuce wasa. Sannan wata rana a haɗa yaran garuruwa, kowa ya kawo nasa yanki, a shimfiɗa layin dogo na waya da kara a filin makaranta: tashar Bosso, tashar Tumur, tashar Diffa, Maine, Gure, Damagaram, har Maraɗi. A ɗora taragu a cika su da jan tattasai na gaske. Su fara ganinsa a ƙasa da idonsu, su yi gardama kan inda gada za ta bi, su gano da kansu cewa in yankin wani bai haɗu da na wani ba, jirgi ba ya wucewa.

Manya kuma, wanda ya san hannunsa na ƙaiƙayi, ya daina jin kunya. In ministan Jamus zai durƙusa yana gyara ƙaramin layi, ba abin da zai ragu a rawanin Alhaji don ya zauna kan tabarma da jikansa suna yanka silifa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mai tanƙwarawar dole sai ya sunkuya.

Wanda ke da yaro ko ƙane mai irin wannan hannu, ya ɗauki hoton abin da ya ƙera, ba sai da fuskar yaron ba, ya turo mana da sunan garin. Za mu sa a nan kowa ya gani.

Allah ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa, ya mai da kowa gidansa, ya sa albarka a hannun ƴaƴanmu. Amin.